Hali ne ko larura? Lamarin wata ɗalibar kwaleji mai ADHD a Damagaram

Yarinyar da zan yi magana a kanta shekarunta 15 lokacin da likita ya shaida wa mahaifiyarta cewa tana da larurar ƙarancin natsuwa, wadda duniya ta fi sani da ADHD, likitocinmu na nan kuma suke rubuta ta TDAH da Faransanci. Yanzu ta shiga 16, tana turwaziyam, ajin da ake zana jarrabawar kammala kwaleji, wato BEPC. Ni ce malamarta ta kimiyyar halittu a wata kwalejin gwamnati a nan Damagaram. Zan kira ta Auta, don ita ce autar ɗakinsu. Da yardarta da ta mahaifiyarta nake rubutawa, na kuma sauya duk abin da zai sa a gane gidansu.

Alamomin larurar ba su ne suka sa ni ɗaukar biro ba, ana samun su a ko'ina a intanet. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: yarinyar da ta shekara goma ana ce mata sakarya har ta yarda, idan aka wayi gari likita ya ce mata larura ce, wace ce ita a idon kanta? Na ga Auta tana kokawa da wannan tambaya, kuma na ga cewa takardar likita ita kaɗai ba ta amsa ta.

Kafin a je likita

Gidansu babban gida ne a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin gari. Mahaifinta ɗan kasuwar hatsi ne, matansa biyu. Tun tana ƙarama an san Auta da abu guda: a aike ta sayo abu uku, ta dawo da ɗaya. A bar mata tukunya a wuta, sai ƙauri ya fito da mutane daga ɗaki. Wanda ya fi ƙona wa gidan rai shi ne na ruwa. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da layin pampo yake nufi a watannin bazara. Sai a tura ta da bido, ta ajiye a layi, wani abu ya ɗauke mata hankali, ta dawo ta tarar an wuce ta ko ruwan ya ɗauke, a koma sayen na ƴan garuwa da tsada.

Ba ta hawa katanga, ba ta faɗa, ba ta da surutu. Zaune take shiru, ido a waje, hannu yana zana furanni a gefen kaye. Shi ya sa ba wanda ya taɓa kawo ciwo a ransa. Bayanin da yake kusa shi aka ɗauka: autanci ne, an sangarta ta. Abokiyar zaman mahaifiyarta takan ce, “Wanda zai kai wannan ɗaki ya shiga uku.” Tarbiyyar ɗiya kuwa a wuyan uwa ake rataya ta, don haka Innar Auta ta fi dukan ta a kan sauran ƴaƴanta, don kada a ce ita ta lalata ta. Ta faɗa mini haka da bakinta, idonta cike da hawaye.

A firamare ta tsira, saboda kunnenta yana da kaifi, abin da aka rera tare a aji yana zaunar mata. Kwaleji ce ta tona asirin. Malamai da yawa, kowa da kayensa, kowa yana shifta mai tsawo da Faransanci, ɗalibai sun haura 80 a ɗaki guda, ga zafin da yake wuce maki 40 a Afrilu da Mayu. Kayenta duk rabin shafi ne: darasi ya fara da kyakkyawan rubutu, ya tsaya a tsakiyar jimla. Ta maimaita sankiyam, aji na biyu na kwaleji. Abin da malamai suke rubuta mata a takardar sakamako ma'anarsa ɗaya ce: tana iyawa, ba ta so ne. Amma idan na yi tambaya da baki, takan ba da amsar da ta fi ta kowa, kuma zanen zuciya da hanyoyin jini da ta yi mini a katiriyam, ajin da yake kafin turwaziyam, har yau yana manne a ɗakin malamai.

A farkon waccan shekarar ta katiriyam na sa ɗalibaina kowa ya rubuta layi biyar a kan kansa. Wasu suka rubuta garinsu na asali, wasu burinsu, wasu ƙungiyar ƙwallon da suke so. Auta ta rubuta layi uku: “Ni ba ni da hankali. Ina manta komai. Ina ba Inna haushi.” Sauran biyun ta bar su fari.

Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya yi bayani tun shekarun 1950 cewa babban aikin da yake gaban matashi shi ne ya san ko shi wane ne, kuma da abin da mutanensa suke faɗa a kansa yake gina wannan sani. A wajenmu abin ya fi nauyi ga ɗiya mace. Yabon farko da ake yi wa yarinya shi ne a ce tana da natsuwa, shi ake fara tambaya idan an zo neman aure. Yaro namiji mai rawar kai ana iya cewa ƙuruciya ce, zai daina. Yarinyar da aka ce ba ta da natsuwa, an taɓa mutuncinta gaba ɗaya, an taɓa na uwarta. Larurar Auta daidai nan ta sauka.

Yadda aka gano

Yawan zuba ido a wuri guda da take yi ya sa aka fara zargin iska, musamman da yake labarin ƴan mata masu faɗuwa a makarantu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai ta wajen wani malami ya yi mata ruƙiyya. Malamin nan ya yi abin da ya cancanci a yaba masa. Ya ce wa Innar, “Hajiya, ni ban ga alamar aljani a jikin yarinyar nan ba. A ci gaba da addu'a, amma ku kai ta likita.”

A ƙaramin asibitin unguwa an yi tunanin ko wata irin farfaɗiya ce, wadda ba ta kayar da mutum, sai dai ya ɗauke na ƴan daƙiƙoƙi. Aka tura su gaba, har suka dangana da likitan ƙwaƙwalwa. Bai yi gaggawa ba. Gwajin jini ya nuna tana da ƙarancin jini, aka ɗora ta a kan maganin ƙarin jini na wata uku. Ƙarfinta ya dawo, mantuwar tana nan. Aka duba ido da kunne. Ya tambayi ko ta taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da jijjiga tana ƙarama, domin irin wannan yakan bar matsalar natsuwa a baya. Ya tambayi barcinta, ko tana karin kumallo, ko akwai wani tashin hankali a gida ko wanda yake cutar da ita. Batun farfaɗiya ya kau, domin mai irin waccan ko an kira shi ko an taɓa shi ba ya amsawa sai abin ya sake shi, Auta kuwa da an taɓa ta take dawowa, ta kuma iya faɗin abin da take tunani a lokacin. Ya aiko da takardar tambayoyi, na cike ɗaya, malamin lissafi ya cike ɗaya.

Ba gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da yake nuna ADHD. Da tarihi ake gane ta. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ta kasa alamomin gida biyu, tara na rashin natsuwa, tara na yawan motsi da gaggawa. Sai yaro ya cika shida a gida ɗaya, na tsawon wata shida aƙalla, alamomin sun fara kafin shekara 12, ana ganin su a wuri fiye da ɗaya, suna kuma yi wa rayuwarsa illa ta zahiri. Auta ta cika takwas a gidan farko, biyu kacal a na biyu. Irin nata shi ne wanda aka fi gani a ƴan mata, kuma shi aka fi daɗewa ba a gane ba, don mai shi ba ya damun aji.

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 suna da larurar. Ke nan a aji irin nawa za a iya samun kamar huɗu. Ba kuma sabon abu ba ne. A 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara a Landan, shi ma a lokacin naƙasu a tarbiyya da kamun kai ya ɗauke shi. Likitoci kansu sun daɗe kafin su raba wannan larura da hali, balle Innar Auta da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Watannin farko

A hanyar komawa gida Auta ta tambayi mahaifiyarta, “Inna, ke nan ba da gangan nake yi ba?” Innar ta ce ta kasa amsawa. Ita da take yawan ce mata hali zanen dutse ne, yau ga likita yana cewa ba halin ba ne.

Makonnin farko na ga yarinyar da aka sauke wa kaya. Tana dariya a aji, tana ɗaga hannu. Sai fushi ya biyo baya, wanda ban taɓa gani a tare da ita ba. Ta tsaya bayan darasi ta ce mini, “Madam, shekarar da na maimaita, wa zai biya ni? Dukan da na sha fa?” Ba ni da amsar da za ta ishe ta. Na ce mata fushinta yana kan hanya, waɗanda suka yi kuma ba su sani ba ne, duka biyun gaskiya ne.

Daga nan ta shiga wani hali da ya fi ba ni tsoro. Ta ari salular yayanta, ta dinga kallon bidiyoyin matasan Faransa a TikTok suna ba da labarin TDAH ɗinsu. Ta samu ƴan uwa a can, wannan alheri ne, domin a duk Damagaram ba ta san mutum ɗaya mai irin takardarta ba. Amma sai ta kwashe duk abin da suka faɗa ta ɗora wa kanta, har da wanda ba nata ba. Ta makara: “Madam, kin san larurata.” Ba ta yi aikin gida ba: “Ba ni ba ce, TDAH ce.” Ban ɗauki wannan lalaci ba. Yaron da ya daɗe yana ɗauke da laifi, ranar da aka nuna masa inda zai ajiye, duka zai ajiye, har da rabonsa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da ta ce, “Ƙwaƙwalwata a lalace take, BEPC ba tawa ba ce.” Da tana cewa ba ta da hankali, yanzu tana cewa ƙwaƙwalwarta ta lalace. Kalmomin sun sauya, amma yarinyar ta koma inda take, ta daina gwadawa.

Da aka koma wajen likita na roƙi Innar ta faɗa masa wannan magana. Ya zaunar da Auta, ya yi mata bayanin wani bincike da aka yi a Amurka a 2007, inda aka bi hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, aka ga cewa a masu ADHD wasu sassan, musamman na gaban goshi da suke riƙe tsari da kamun kai, suna bin hanyar girma irin ta kowa, sai dai a makare da kamar shekara uku. Bai ɓoye mata cewa mutane da yawa suna girma da larurar har su manyanta ba. Amma ta riƙe abu ɗaya ta zo mini da shi: “Ashe ba lalacewa ta yi ba.”

Sirri

Tun a ƙofar asibiti Innar ta ja mata kunne: “Kada ki kuskura ki faɗa wa kowa inda muka je.” Aka gaya wa maigida ƙarancin jini ne, wanda ba ƙarya ba ne, rabin gaskiya ne.

Ba zan ga laifin wannan uwa ba. Ta san yadda ake binciken aure a garin nan, ta san cewa da an ji “likitan ƙwaƙwalwa” kunnen mutane “hauka” zai ji, kuma ba Auta kaɗai maganar za ta bi ba, har yayyenta mata. Ta kuma san abin da yake jiran yarinyar da ta faɗi a lakwal. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace a 2017, amma a cikin gida maganar uba ita ce take aiki, mahaifin Auta kuwa ya riga ya ce idan ta sake faɗuwa, karatu ya ƙare.

Sai dai sirrin ya yi wa yarinyar tsada. A wajen mutum uku, Innarta da ni da likita, ita mai larura ce da take ƙoƙari. A wajen sauran gidan tana nan a sakaryarta. Yayanta ya zage ta a kan ta manta saƙo, amsar tana bakinta, ba ta da izinin furtawa. Ta taɓa ce mini, “Madam, da ban sani ba ina jin zagin ina yarda. Yanzu na sani, ina ji, ba na iya cewa komai. Ban san wanne ya fi ciwo ba.” Abin da kuma aka ce a ɓoye, yaro yakan ɗauka abin kunya ne, ko da an rantse masa ba haka ba ne.

Gwaggo

Mutum na huɗu ya shigo ba da shiri ba. Ƙanwar mahaifinta, wadda take fataucin atamfa tsakanin Kano da Damagaram, ta ga takardar asibitin a jakar Innar, ta matsa sai an yi mata bayani. Da aka karanta mata alamomin ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru, sannan ta ce, “Wannan ai ni ake karantawa.” Ba likita ne ya duba ta ba, don haka ba zan ce tana da larurar ba. Amma gado a wannan abu sananne ne: binciken tagwaye ya nuna kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a kan ADHD daga gado yake.

Gwaggon nan aurenta biyu ya mutu, a dangi ana cewa ba ta iya zaman aure ba, ba ta iya riƙon gida ba. Ita ce kuma wadda take biya wa rabin yaran dangin kuɗin kaye da tufafin makaranta, mai lissafin kuɗi a ka wanda ba ya kuskure. Auta ta dube ta ta ga abu biyu a lokaci guda. Ta tambaye ni, “To ni ma haka zan ƙare?” Ban gane ko tsoro ne a muryarta ko sha'awa ba, ina jin ita ma ba ta gane ba. Gwaggon ce ta amsa mata daga baya, ta ce, “Ɗiyata, ni ba wanda ya gaya mini komai, na kai shekara arba'in ina zaton Allah ya yi ni a karkace. Ke an gaya miki da wuri. Ki yi karatunki.” Daga ranar ta zama ita ce mai raka ta asibiti.

Salla

Akwai wani ɓangare da ba likita ba ni ba wanda ya san da shi, sai da ta faɗa wa malamarta ta islamiyya. Auta ba ta cika idar da salla ba tare da ta rikice a lissafin raka'a ba. Takan sake salla ɗaya sau uku, ta gaji, ta yi kuka. Ta daɗe da yanke wa kanta hukunci cewa imaninta ne mai rauni, Allah ba ya karɓar ibadarta. A ganina wannan ya fi duk zagin gida yi mata illa, domin zagin gida daga mutane yake, wannan kuwa tana ganin tsakaninta ne da Ubangijinta.

Malamar ta buɗe mata Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kakanni, ta nuna mata hukuncin wanda kokwanto ya aure shi a salla: ya kau da kai daga kokwanton, ba sai ya sake komai ba, ya yi sujada biyu bayan sallama. Ta ce mata, “Malamai sun san da irinki tun fiye da shekara dubu, sun kuma yi miki sauƙi. Sallarki salla ce.” Auta ta ba ni wannan labari da wata irin murya da ban taɓa ji daga bakinta ba. Likita ya gaya mata ba laifinta ba ne. Malamar ta nuna mata tana da wuri a cikin addininta yadda take. Ina ganin na biyun ya fi shiga.

Abin da aka yi a aikace

Maganin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne metilfenidat, wanda aka fi sani da Ritalin. Yana ƙara yawan sinadaran dofamin da noradirenalin a inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke isar wa juna saƙo, kuma yana taimakon yara da yawa. Amma yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsauraran matakai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙi sa shi a jerin magungunan dole da aka nema a 2019 da 2021. Gwaggo ta zaga farmasi na gari ba ta samu ba. Innar ma ba ta so, tana ganin yadda tramol ya cinye samarin unguwa. Wata ƙawar Auta ta taɓa ba ta shawarar ta gwada tramol ɗin lokacin jarrabawa, wai yana buɗe kai. Alhamdu lillahi ta tambaya kafin ta sha. Tramol maganin ciwo ne mai kama jiki, ba ruwansa da wannan larura.

Sai aka koma ga abin da yake hannu. Na dawo da ita bencin gaba, nesa da ƙofa. Na haɗa ta da wata yarinya mai cikakken kaye, suna cike gurbi tare kafin a tashi. Idan zan ba da umarni, ɗaya nake bayarwa, in ta gama in ba da na biyu. Malamin lissafi ya yarda da haka, wasu malaman suka ce ba su da lokacin lallashin mutum ɗaya a cikin tamanin, kuma ban iya ce musu ƙarya suke ba. A gida Innar ta koma rubuta mata saƙo a takarda, tana saita mata ƙararrawar salula idan ta ɗora tukunya. Karatu bayan asuba, minti goma sha biyar, a tashi a yi shara, a dawo. Salular yayanta ta daina kwana a hannunta. Matsakaicin makinta ya tashi daga 8 bisa 20 zuwa 10 da ɗan ɗori, ta wuce turwaziyam da ƙyar.

Sai batun lalle. Furannin gefen kaye sun koma hannun amare. A jajibirin Salla Auta takan zauna awa huɗu tana zane ba ta ɗaga kai ba, mata suna layi, har daga wasu unguwanni ake aiko mata. Yayanta ya ce, “Ga shi nan, mai iya wannan ce za a ce ba ta iya natsuwa? Da gangan take yi.” Wannan ita ce hujjar da aka fi kayar da masu ADHD da ita, kuma kuskure ce. Natsuwar tana nan, juya ta ne ba ya hannunsu yadda yake hannun sauran mutane. Abin da yake da daɗi, sakamakonsa yana fitowa nan take, yana riƙe su har su manta da abinci. Abin da ladarsa sai watan Yuni, lokacin jarrabawa, ya kuɓuce. Ita da kanta ta kwatanta mini: “Kaina kamar Kasuwar Dole ne ranar Alhamis, kowa yana kira na. In ina lalle ne kawai kasuwar take watsewa.”

Ba na cikin masu cewa ADHD baiwa ce. Na ga abin da ta ci wa yarinyar nan. Iya zanenta nata ne, da hannunta ta koya, shekara da shekaru. Amma lallen ya ba ta abin da ba ta taɓa samu ba: mutanen da suke neman ta don wani abu da ta iya, suna jiran ta, suna biyan ta. Da kuɗin ta sayi kayen bana da kanta.

Inda ake yanzu

Da aka koma makaranta a Oktoba na sake ba ajinsu aikin layi biyar. Ta cike duka. Ta rubuta cewa ita Badamagariya ce, tana zanen lalle, tana son zama ungozoma, tana da mantuwa don haka take rubuta abubuwa, tana kuma son Gwaggonta. Sunan larurar bai fito ba. Na tambaye ta ko saboda gargaɗin Inna ne, ta ce, “Har da shi. Amma kuma Madam, layi biyar kika ce, bai samu wuri ba.” Wata rana kuma, idan ta sha faɗa a gida ko ta ga maki 6 a lissafi, tsohuwar maganar takan dawo bakinta, ta ce ita dai ba ta da amfani. Duka biyun suna nan tare da ita, ban kuma sa ran ɗaya zai kori ɗaya nan kusa ba.

Gwaggo ce ta gaya wa mahaifinta gaskiya, don ita ce take iya zama gaban yayanta ta faɗi abin da matarsa ba za ta iya ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi bai yarda ciwo ba ne, tunda yarinya tana ci tana sha tana tafiya da ƙafarta, amma ya hana a ƙara ce mata sakarya a gidansa. Sharaɗinsa na karatu bai janye ba: in ta samu BEPC ta ci gaba, in ba ta samu ba a yi maganar aure. Gwaggo ta ce in ta kai ga haka za ta biya mata ta sake zanawa, ba a kai ƙarshen wannan magana ba tukuna.

Lissafi da Faransanci har yanzu suna ƙasa da 10. Muna zama da ita da wasu ɗalibai uku ranar Asabar da safe muna bin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kowace tambaya da agogo a gabanta, don babbar matsalarta a ɗakin jarrabawa ita ce ta daɗe a tambayar farko lokaci ya ƙare. Likita ya ba su ranar komawa kafin azumi, ya kuma ce zai rubuta wa shugaban makaranta takarda idan iyayen sun amince. Innar ba ta amince ba tukuna. Auta ta ce ita tana so a rubuta.